Tsanin Gora a Falon Urmila Devi

Sai da Devansh Sodhani ya daina cin abincin gidansu, ya rame har agogo ya soma yawo a wuyan hannunsa, sannan mahaifiyarsa ta sassauta.

Ba cewa ta yi ta yarda da auren ba. Urmila Devi ba ta taɓa kusantar wannan kalma ba tun ranar da ya kawo mata sunan Merlyn D'Cunha, 'yar Kiristocin Mangalore, mai cin nama alhali su ba sa ci, mai gajeren gashi, wadda sana'arta shiga gidajen mutanen Jaipur ta sauya musu fasalin ɗaki.

Abin da ta ce kaɗan ne. Diwali, bikin fitilu, na tafe, ta farko tun da aka gama zaman makokin Yogesh, babban ɗanta da mota ta kashe a hanyar Ajmer. Falon ƙasa yana rufe tun ranar da aka fitar da gawarsa daga ciki. Tunda an ce yarinyar ta iya ƙawata ɗaki, to ta zo ta gyara shi.

"In gidan ya karɓe ta," in ji ta, "ni wace ce da zan hana."

Devansh bai ko tsaya saka takalmi da kyau ba. Da mabuɗin falon a hannu ya faɗa shagon Merlyn, ya same ta durƙushe tana ware wasu tsofaffin yaduka. Ta daɗe tana kallon mabuɗin ba ta karɓa ba.

"Wannan ba aiki ba ne, Dev. Jarrabawa ce."

"To ki ci mana. Akwai falon da ya taɓa gagarar ki?"

Ta tambaye shi me mahaifiyarsa take so, wane launi, wane irin zama. Ya ce shi ma bai sani ba, rabon da ya ga uwarsa ta so wani abu tun Yogesh na raye. Daga nan sai maganar ta ƙwace masa. Ya ba ta labarin da bai taɓa ba ta ba: Yogesh bai bar ɗa ba, don haka shi aka ɗora wa tulun ruwa a kafaɗa a wurin ƙona gawa, ya zagaya, ya saki tulun ya fashe a bayansa. Aka ce masa ya yi gaba kada ya waiwaya, zumunci ya yanke ke nan. Har yau in kofi ya fashe a shagon shayi sai ya dafe kafaɗarsa.

Merlyn ta yi kuka, shi ma ya yi. Ta karɓi mabuɗin bisa sharaɗi guda, kada ya leƙa falon sai an gama. Tana so ta ga fuskarsa da ta uwarsa lokaci ɗaya.

Ranar farko da ta buɗe ƙofar, ƙura da warin rufi suka tare ta. Manyan kujerun katako lulluɓe da leda, labule mai nauyi kamar bargo, da hoton Yogesh a bango, furen da aka rataya masa ya bushe ya yi baƙi.

A bakin ƙofa kuma akwai Santosh, ƙanwar marigayi mijin Urmila, wadda duk gidan ke kira Bua-sa. Ita ce ta riga ta zaɓa wa Devansh 'yar masu shagon gwal a kasuwar Johari Bazar, kuma ba ta ɓoyewa.

"An ce naki salon na 'yan yawon duniya ne, ko? Boho ne ko me. A zauna a ƙasa kamar ana jiran jirgi, a rataye tsumma a bango, a ce ado."

"Za ki gani, Bua-sa."

"Ban zama Bua-sa ɗinki ba tukuna, 'yar nan. Anti ta ishe ki."

Merlyn ta shiga aiki. Ta sa aka kwashe kujerun, aka yaye labulen, haske ya shigo. Ta shimfiɗa dardumomin saƙa ɗaya kan ɗaya, ja da shuɗi da ruwan ƙasa. Ta zube matasai masu ƙananan madubai irin na Barmer, ta yi labule da yadin Bagru mai bugun katako, ta rataye shuke-shuke cikin saƙar igiya. Tsohon akwatin auren Urmila da aka jefar a ɗakin tarkace ta goge shi ya zama teburi. Fitilun tagulla, lilon katako a tsakiya. Ko mai aikin gidan sai da ta tsaya da tsintsiya tana kallo.

Amma ɗaki mai launi da yawa yana buƙatar wurin da ido zai huta, wannan ita ce dokar Merlyn a duk gidan da ta shiga. Ta zaɓi kusurwar da ke ƙarƙashin hoton Yogesh. Fari da ruwan ƙasa kawai, babu hayaniya. Tsanin gora a jingine da bango, farin yadin khadi a rataye a matakansa, damin busasshiyar ciyawa, tulun yumɓu a gefe. Ta yi irin wannan a gidajen matasa masu kuɗi ba adadi, har ana ɗaukar hoto a wurin.

Tsanin kuwa Tarun Bhati ta ba aikinsa.

Tarun ne mai wurin sassaƙar da ke yi mata kayan katako tun zuwanta garin. Dogo, mai fara'a, mai gashin baki irin na mutanen Jodhpur. Sau biyu ya nemi ta aure shi, sau biyu ta ƙi, bai taɓa nuna fushi ba. Cewa kawai yake yi shi ba shi da uwar da za ta gwada ta kamar ana gwada tukunya a kasuwa, kuma gidan Sodhani ba sa haɗiye bare, tauna shi suke su tofar.

Da ta zana masa tsanin a bayan ambulan ɗin wasiƙa, ya ɗan yi jim. Ya tambaya ko da ƙusa za a haɗa. Ta ce a'a, da igiyar kwakwa, ɗanyen gora, kada a shafa masa komai, a bar shi yadda Allah ya yi shi.

"Yadda Madam-ji ta ce," in ji shi, yana murmushi.

Safiyar Diwali aka shirya buɗe falon, bayan Urmila Devi da mutanenta sun dawo daga wurin bauta. Merlyn ta iso da sassafe ta tarar da matsala. Farar ƙasar da aka shafa wa bangon kusurwar ba ta bushe ba, in ta jingina gora zai bar shaida.

Tarun ya shigo da tsanin a kafaɗa. Ta ce ya kwantar da shi a ƙasa tukuna, a kunna fanka, kafin su dawo bangon ya sha iska. Don kada ta ɓata lokaci, ta ɗaura kayan tun yana kwance. Ta baza ciyawar a kan matakan, ta shimfiɗa farin yadin daga sama har ƙasa, ta kama shi da igiya don kada ya zame in an ɗaga. Ranar biki ce, sai ta ɗauko dogayen sarƙoƙin furen genda masu ruwan goro ta jera a kai. Tulun ta ajiye a wajen kan.

Ta ja baya tana dubawa. Ta tambayi Tarun ya ya gani.

Idonsa na kan tsanin, ya ɗaga ya dubi hoton da ke sama, ya sake saukewa.

"Je ki sa sarinki, Madam-ji. Ni zan tsaya a mota."

"In bangon ya bushe ka ɗaga min shi."

"Ai ba ya gudu."

Ta hau sama ɗakin baƙi. Sarin kore ne, Devansh ya saya mata, kuma ba ta iya naɗa shi da sauri ba. Tana fama da ninkin gaba ta ji ƙarar mota, ta ji muryar Bua-sa tana faɗa da direba. Sun dawo da wuri.

Ta sauko da gudu, rabin sarin a hannu.

Ta makara. An riga an tura ƙofar.

Babu wanda ya dubi dardumomin. Babu wanda ya ga lilon ko madubai. Urmila Devi na tsaye a tsakiyar falon riƙe da faranti mai fitila da kayan zaƙi, idonta a kusurwa guda. Farantin ya karkace a hankali, fitilar ta zame ta mutu a kan darduma.

Devansh na bayanta. Merlyn ta nemi idonsa tana murmushi, sai ta ga fuskarsa ta koma kamar toka. Hannunsa ya tashi da kansa ya dafe kafaɗarsa ta dama.

"Dev? Ba a gama ba ne, ɗaga shi za a yi, bangon ne bai..."

"Merlyn," ya ce. "Makara ce."

Ba ta gane ba. A garinsu akwati ake yi, da murfi da hannayen ƙarfe. Ta sha ganin ana wucewa da gawa a titunan Jaipur, amma daga tagar mota, tsibin fure ne kawai a kan kafaɗun maza. Ba ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashi ba. Ranar da aka fitar da Yogesh ko layin gidan ba a bari ta shigo ba.

Bua-sa ce ta fayyace mata, da murya ƙasa-ƙasa, ba tsawa, wanda ya fi tsawa ciwo. Ɗanyen gora, igiyar kwakwa ba ƙusa, ciyawa a ƙasa, farin yadi a sama, genda, tulu. Ba ta bar ko ɗaya ba. Kuma a daidai wurin, a kan tayil ɗin da aka kwantar da Yogesh.

"Ko masu haɗa ta a bakin maƙona ba su fi ki iyawa ba. Wa ya koya miki?"

Merlyn ta matso. Ta zube gaban Urmila ta kai hannu za ta taɓa ƙafarta. Matar ta janye.

"Anti-ji, na rantse da kabarin mahaifina ban sani ba. Tsanin ado ne. Na yi shi a gidaje da yawa, kowa so yake. Na zaɓi fari ne don wurin ya yi tsit, don shi, don girmama shi. Ki dube ni, don Allah. Da na sani da hannuna zan fara yankewa."

Hawaye ya jiƙa gaban sarin. Ta yi ta magana, ta faɗi kwanakin da ta yi ba barci, ta faɗi akwatin auren da ta goge da hannunta, ta ce a ba ta minti kaɗan ta kwance komai, ba wanda zai tuna.

Urmila Devi ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa kusa da tsanin, ta miƙa hannu ta gyara gefen farin yadin da ya karkace, kamar mai gyara wa yaro mayafi.

"Na yarda ba ki sani ba," ta ce. "Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Da kin sani, da sai in ce mugunta ce, in zage ki in huta. Ba ki sani ba, hannunki ya haɗa ta. Na ce gidan zai yi magana. Ga shi ya yi."

"Maa-sa, gora ne da yadi," in ji Devansh.

"Da gora da yadi ka ɗauki yayanka."



Ta ce tun tana yarinya ta ji tsofaffi na faɗa, makara ba ta shiga gida ta fita wayam. In an ɗaure ta, sai ta tafi da wani. Cikin iyalinta saura mutum biyu, ita da shi. Ita a shirye take, amma ta san ba ita aka zo wa ba, don Ubangiji bai taɓa ɗaukar wanda ta miƙa masa ba, sai wanda ta ɓoye.

Devansh ya durƙusa ya riƙe gwiwoyinta. Ya roƙe ta da sunan mahaifinsa, da na Yogesh. Ya ce a kira mai addu'a ya wanke falon, a ciyar da mabukata, zai yi azumin duk da ta ce. Ya ce in ta raba shi da Merlyn to ta cika makarar da hannunta, don ba zai rayu ba.

Nan ne ta mare shi. Ba da ƙarfi ba.

"Kada ka sake faɗin haka a gabanta," ta ce, tana nufin tsanin.

Bua-sa ta ce maganin abin a fili yake. Wadda ta kawo ita ce za ta kauce, a rufe zancen, a kira masu shara su fitar da abin ta ƙofar baya.

Ba a ankara ba sai ga Tarun a bakin ƙofa, ya haɗa tafukansa, fuska cike da jimami. Ya ce ya ji hayaniya ne. In an ba shi izini zai ɗauke kayan, ya kuma kai Madam gida, bai kamata ta tsaya a nan ba.

Merlyn ta ɗago ta dube shi ta cikin hawaye. Ta tuna jim ɗin da ya yi a kan zanen. Ta tuna tambayar ƙusa.

"Ka taɓa ɗaukar gawa, Tarun?"

"Madam-ji, ba yanzu ba."

"Ka taɓa?"

"Mahaifina. Da kawuna."

"Ka gani da safe."

Bai musa ba. Ya sauke murya ya ce ita ta zana, ita ta ɗaura, shi bai ƙara ko kulli ɗaya ba. In ba tsani ba, gobe wani abu ne, gishiri ko fitila ko ranar da ta wanke gashi. Ya bari ne ta gani da wuri, tun ba ta haihu a cikinsu ba. Shi ƙofarsa a buɗe take, ba jarrabawa.

Devansh ya yunƙura zai yi kansa, Merlyn ta tare shi da hannu ɗaya.

Ta miƙe. Ta soke ragowar sarin a ƙugu, ta share fuska. Ta zare zoben da Devansh ya sa mata a ɓoye tun bara, ta ɗaga gefen farin yadin, ta ajiye shi a cikin ciyawar, ta rufe.

"Anti-ji, kin ce ba ta fita wayam. To ga abin da ta ɗauka. Ni na kawo ta, ni zan fita da ita, ta ƙofar gaba. Ɗanki ya zauna."

Ta sunkuya ta ɗaga kan tsanin zuwa kafaɗarta. Gora ba nauyi, amma tsawon ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙarshen na jan ƙasa yana tattaro darduma. Tarun ya matso zai kama.

"Kada ka taɓa."

Ya ja baya.

Ta ja, tsanin ya sarƙe da ƙafar lilon. Ta sake ja, furanni suka zube. Sai ta ji nauyin ya ragu, ƙarshen ya tashi daga ƙasa ya daidaita da kafaɗarta. Ba ta buƙaci juyawa ba. Ta san numfashinsa.

"Ajiye, Dev."

"Mutum ɗaya ba ya ɗauka."

"Saboda kai nake fita. Ajiye."

"Yi gaba."

Bua-sa ta dafe ƙirji ta soma kiran sunayen abin bautarta. Urmila Devi ta miƙe tsaye. Abin da ta kwana tana tsoro tun rasuwar Yogesh yana gabanta, ɗanta da gora a kafaɗa, fuskarsa na kallon ƙofa, karo na biyu.

"Devansh." Muryarta a kwance take. "In ƙafarka ta tsallake dokin ƙofar nan da ita, na haifi biyu na ƙona biyu."

Ya tsaya. Merlyn ta ji tsayuwar a kafaɗarta, goran ya ja ta baya. Ta rufe ido tana roƙon ya saki, tana roƙon kada ya saki, ba ta san wanne take so a amsa ba.

"Ki yafe min, Maa-sa."

Goran ya tura ta gaba.

Suka ratsa tsakar gida, ta kan zanen garin launi da aka yi don biki. A waje layi ya cika, yara na ta fasa 'yan tartsatsi, mata na jera fitilu a kan katanga. Da suka ga abin da ya fito daga gidan Sodhani sai hannaye suka tsaya. Wani tsoho ya cire hularsa. Maƙwabciya ta ja jikarta ciki ta rufe ƙofa. Motar Tarun na gefe, bayanta a buɗe, suka wuce ta.

Ba su kai kwanar layin ba suka ji shi daga cikin gidan, ƙara guda, ba mai ƙarfi ba. Yumɓu a kan tayil. An saki tulun.

Merlyn ta soma juya wuya.

"Kada ki waiwaya," in ji Devansh daga bayanta. "Ba a waiwaye."